Bangon littafi da rikodin muryata a kwas ɗin ƙagaggun labarai

Zangon da ya wuce malamin da ke ɗaukarmu kwas ɗin ƙagaggun labarai ya ce shi kam bana ba zai yi mana tes na rubutu ba, aiki biyu zai ba mu, na farko kowa ya kawo littattafan Hausa ya yi nazarin bangonsu kawai ba tare da ya buɗe ciki ba, na biyu kuma zai ba kowa tsakure daga littafin da muka karanta ya tsaya gaban aji ya yi sharhi da baki na minti 10, a ɗauka a waya, sannan mutum ya koma ɗaki ya saurari kansa ya ba kansa maki. Aji ya ɗau guna-guni, wasu har murna suke wai aiki ya zo da sauƙi. Toh.

Ni ban sha wahalar nema ba don yayata tana da wani tsohon akwati cike da littattafan soyayya tun na ƴammatancinta, irin waɗanda ake kira adabin kasuwar Kano, ƴan ƙanana masu siririyar takarda da ake rabawa na 1, na 2, na 3. Na zazzage su a tabarma na zaɓi ɗaya. A bangon akwai fuskar wata mace fara sol mai dogon hanci ta yafa jan gyale, hawaye a kumatu, kana gani ka san hoton ƴar fim ɗin Indiya ne aka yanko, can ƙasa a lungu an manna wata baƙar mota da wani mutum ya jingina da ita, sunan littafin a sama da jan rubutu ɓaro-ɓaro, sunan marubuciyar kuma ƙarami an haɗa da na mijinta. Da na karanta ciki daga baya sai na tarar tauraruwar labarin baƙa ce, gajera, daga ƙauye aka kawo ta aikatau, kuma babu wata mota a na 1 ɗin gaba ɗaya.

Da farko abin da na rubuta shi ne bangon ƙarya yake yi, shi ke nan. Malam ya duba ya ce, "Ke yanzu hukunci kika yanke, ba ki gaya min abin da idonki ya gani ba." Dokarsa kenan a duk aikin, ka fara faɗin abin da ke kan takarda, me ya fi girma, me ido ya fara sauka a kai, wane launi, me aka tura lungu, sannan ka ce don me. Da na bi haka sai abin ya buɗe. Waɗannan littattafan da suka fara yawa tun wajen tsakiyar shekarun 1980 yawanci marubuci ne ke biyan kuɗin bugawa daga aljihunsa, ya kai wa ƴan kasuwa, a shimfiɗa a tebur ɗaya kan ɗaya cikin ɗaruruwa, don haka dole suna ya hau sama inda ba za a rufe shi ba, dole fuska ta yi girma ta tsayar da mai wucewa, kuma mai saye ya riga ya saba da fuskokin Indiya daga sinima da bidiyo, yana ganin hawayen nan ya san soyayya ce da wahala. Mai haɗa bangon a shagon kwamfuta ma ba lallai ya karanta littafin ba, jigo kawai aka faɗa masa. Motar kuwa alkawari ce, wato ki yi haƙuri ki sayi na 2, arziki na nan tafe.

Ƙawata ita tsofaffin littattafai ta kawo, na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, zanen hannu, launi kaɗan, ba hayaniya. Waɗannan ai ba sa buƙatar yin kururuwa, makarantu ne ke saye, suna cikin manhaja, ko bangon bai burge ka ba za ka saya don jarrabawa na jiranka. Asalinsu ma daga hukuma ne, gasar rubutu ta 1933 da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Sai wani ɗan ajinmu ya kawo na zamani, hotunan bango na littattafan da ake karantawa a WhatsApp da Wattpad waɗanda ake haɗawa a waya da Canva, nan kuma sai ka ga sunan marubuciya ya kai girman sunan littafi ko ya fi, saboda sunan ne ke jawo masu biyan kuɗin shiga gurup.

Abin dariya, kwafin Ruwan Bagaja da na aro ba shi da bango sam, ya yage tuntuni an manna masa kwalin taliya. Malam ya ɗaga shi ya ce to madalla, kowa ya zana masa bango. Kusan rabin aji ruwa suka zana, kogi ko kwalba. Ni mutum biyu na zana suna hararar juna, Alhaji Imam tauraron labarin da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, don a ganina ruwan dalilin tafiya ne kawai, abin da ke riƙe mai karatu shi ne cutar da waɗannan biyun ke yi wa juna gari-gari.

Sai ranar sharhi. Tsakuren da ya faɗo min daga farkon Ruwan Bagaja ne, inda Koje Sarkin Labari, mai yawon neman labarai, ya haɗu da Alhaji har Alhaji ya karɓi bayar da labari. Na tsaya na yi magana, aka tafa, na zauna ina jin na yi bajinta. Takardar da Malam ya raba mana ta ba wa kai maki tana da gida huɗu, fahimtar tsakure, nazarin salo, tsarin magana, sai harshe, kowanne maki 5.

Da daddare na sa iyafis na kunna. Kai, jin muryarka a rikodin ba daɗi wallahi, amma wannan ƙaramin abu ne. Na ɗauki biro ina rubuta abin da nake yi a kowane minti, sai na ga fiye da rabin lokacin labarin littafin nake bayarwa tun daga Kwantagora har ƙarshe, abin da kowa a ajin ya sani, tsakuren da ke hannuna kuwa sama-sama na taɓa shi. Na ce "marubucin ya yi amfani da salo mai armashi" ban nuna layi ko ɗaya ba, na ce akwai karin magana ban ce me ta yi a wurin ba. Kuma "wato" da "kun gane ko" kamar da su aka yanke min cibiya. Abin da ya fi ba ni haushi, magana mafi kyau da na yi ta zo ne ana saura ƴan daƙiƙu, a gurguje, inda na ce tunda Alhaji ne ke ba da labari da bakinsa to duk wulaƙancin da muka ga Zurƙe ya sha daga bakin abokin hamayyarsa muka ji shi, ba mu taɓa jin ɓangaren Zurƙe ba, kuma wanda ake ba labarin shi ma sana'arsa kenan, don haka Alhaji na da dalilin ƙara gishiri. Wannan ai da shi ya kamata a buɗe, a zauna a kansa a jawo layuka a nuna. Dokar bango ce dai ta Malam, faɗi abin da ke kan takarda sannan ka ce don me, a hoto na bi ta amma da aka zo kan kalmomi sai na sake ta.

Na ba kaina 4 a fahimta, 2 a salo, 2 a tsari, 3 a harshe. Ƙawata ta ce na cika tsanani, ita 18 ta ba kanta ko kunya babu. Da muka kai wa Malam sai ya zama shi bai damu da jimillar ba, tambaya yake a kan kowane gida, "a wane minti kika yi abin da ya sa kika ba kanki wannan?" Wanda ya kasa nuna minti sai ya rage masa. Ni ya bar min salo a 2 kamar yadda na sa, ya ɗaga tsari zuwa 3 wai ko ba komai na gama cikin lokaci, harshe kuma ya sauke shi zuwa 2 saboda Ingausa, ashe na jefa kalmomin Turanci a wurare da yawa kunnena bai ma kama ba tsabar sabo. Zango mai zuwa rubutacciyar waƙa za mu yi da shi, ya ce minti 7 kacal zai bayar kuma duk wanda ya fara da tarihin marubuci zai kashe masa rikodin nan take.