Wankan jego a Birmingham a shekarar da zafi ya haura 40

A ƙarshen watan Yuni na 2022 na bar Birnin Kebbi zuwa Ingila domin in zauna da 'yata wadda ke gab da haihuwar fari, a daidai lokacin da damina ta kankama a wajenmu, jama'a sun duƙufa a fadama. Aikin mijinta da karatunta ba su bar ta ta zo goyon ciki gida ba, saboda haka ni ce na bi ta. Duk wanda ya zo yi mini sallama gargaɗinsa ɗaya ne, wato in yi hattara da sanyin Turai, har ƙanwata ta kawo mini rigunan sanyi da safa daga babbar kasuwa. Babu wanda ya ambaci zafi, kuma ban ga laifinsu ba, domin mutumin da ya saba da bazarar Kebbi, inda watan Afrilu kan haura digiri 40 kusan kullum, ba zai ɗauka Ingila tana da zafin da zai dame shi ba.

Gidan da suke haya yana cikin jerin gidajen jan bulo masu manne da juna, falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, ga kafet shimfiɗe ko'ina, ga tagogi masu gilashi ruɓi biyu waɗanda ba sa buɗuwa sai kaɗan. An gina shi ne domin ya kama ɗumi ya riƙe, kuma yana yin wannan aikin da gaskiya ko ana so ko ba a so. Babu tsakar gida, babu zaure, babu rumfa, babu bishiyar da za a shimfiɗa tabarma a gindinta, kuma galibin gidajen ƙasar ba su da na'urar sanyaya ɗaki.

Ta sauka lafiya kwanaki kaɗan kafin Babbar Sallah, wadda ta faɗo ranar Asabar 9 ga Yuli, aka sami ɗa namiji. Ragon layya da na suna duk a gida Kebbi aka yanka su, domin dokar Ingila ba ta yarda a yi irin wannan yanka a bayan gida ba sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, mu kuma muka sayo nama a wajen mahauta Musulmi na titin Coventry Road. A nan na fara ganin yadda zumunci yake tafiya a can. 'Yan barka ba sa faɗowa gida da hantsi kamar yadda muka saba. Sai an yi waya an tsayar da rana, kuma ranar ba ta wuce Asabar ko Lahadi, saboda da yawa daga cikin Hausawan da ke yankin ɗalibai ne ko ma'aikatan asibiti masu aikin dare. Da farko abin ya yi mini kama da rashin kara, amma da na ga mace ta taso daga Leicester bayan ta kwana a tsaye a wajen aiki, ɗauke da kular masa da miyar taushe, ta zauna da mu har yamma tana wanke kwanuka, sai na gane cewa ziyarar da ta yi ƙaranci ta fi tsada a wajen mai yin ta.

Mako guda bayan suna hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ta fitar da jan gargaɗi na matsanancin zafi, irinsa na farko a tarihinta, domin ranakun Litinin da Talata, 18 da 19 ga Yuli. A ranar Talatar aka auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, alhali mafi girman abin da aka taɓa aunawa kafin nan shi ne 38.7 a Cambridge a 2019. Kwaltar titin jirgi ta lalace a filin jirgin sama na Luton, an rage gudun jiragen ƙasa an kuma soke wasu saboda ƙarfen dogo yana miƙewa ya lanƙwashe idan ya gasu, gobara ta cinye gidaje a Wennington da ke gabashin Landan, har aka ce 'yan kwana-kwanan birnin ba su taɓa aiki irin na ranar ba tun Yaƙin Duniya na Biyu. Da na faɗa wa mutanen gida a waya, dariya suka yi, wai digiri 40 ne ake wa wannan kururuwa. Ni da nake ciki ban yi dariya ba. Ɗakin sama ya koma tanderu, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, bango kuma ya ci gaba da amayar da zafin da ya sha har asuba, wadda ita ma take yi da wuri ƙwarai. A Kebbi komai tsananin rana mutum yana da tabbacin dare a tsakar gida, can kuwa babu inda za a gudu.

Abin da ya taimake mu shi ne dabarun da kowace tsohuwa a unguwar Shiyar Fada ta Birnin Kebbi ta sani ba tare da an koya mata ba. Surukina ya buɗe tagogi duka da hantsi yana neman iska, na ce masa ya rufe su ya saki labule, a bari sai dare ya yi nisa a buɗe gaba da baya. Ya ce, "Inna, ba za mu shaƙe ba kuwa?" Na ce masa iskar da ke waje a lokacin ta fi ta ciki zafi, shigo da ita ƙarin wahala ne. Muka sauko da katifu falo, muka jiƙa zannuwa muka rataya a gaban fanka ɗaya tilo da ke gidan, domin an saye fankoki kaf a shaguna. Girki kuma na mayar da shi bayan sallar asuba, na dama farau-farau da garin geron da na zo da shi, na haɗa zoɓo ba sukari da yawa, muka wuni a kansu.

Inda na daɗe ina tunani shi ne batun wankan jego. Ni an yi mini shi yadda aka gada, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma har arba'in, ga kunun kanwa da yaji, kuma da niyyar yi wa 'yata haka na hau jirgi. Ungozomar da ke zuwa duba ta a gida ta ga tururi na tashi daga banɗaki, ta tambaya cikin ladabi, aka yi mata bayani, sai ta ce a irin wannan yanayi jikin mai jego ruwa yake nema, kuma zafi a kan zafi na iya sa ta suma. Maganarta ta tuna mini abin da likitoci a Zariya suka daɗe suna faɗa tun shekarun 1970, cewa yawan kanwa da gasa jiki, musamman a bazara, suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama masu jego a ƙasar Hausa. Na yanke shawara na mayar da ruwan mai ɗumi kawai, na cire kanwa daga kunu na bar gero da citta kaɗan, na riƙe tausa da hutawa da abinci mai kyau, waɗanda a ganina su ne ainihin amfanin al'adar. Jaririn ma ban ɗura masa ruwa ba, ko da yake hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, domin an tabbatar mana nono ya ishe shi idan ana ba shi akai-akai.

Fita kuwa sai bayan la'asar sakaliya. Mukan tura keken jariri zuwa Cannon Hill Park, wani makeken lambu da aka buɗe wa jama'a tun 1873, inda ciyawar da ake yi wa Ingila kirari da ita ta bushe ta yi ja. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda Turawa ke tuɓe riga su kwanta a tsakiyar rana, alhali mu da 'yan Somaliya da 'yan Pakistan muna rububin inuwa. Wata rana muka shiga babban ɗakin karatu na birnin, wanda Malala Yousafzai ta buɗe a 2013, muka hau lambun da ke samansa muna kallon gari, kuma ban ɓoye ba, sanyin cikin ginin ne ya fi riƙe ni. A bakin magudanan ruwan da suka ratsa birnin na ga allunan gargaɗi a kan wanka, domin a makon zafin matasa da dama sun nitse a koguna da tafkuna. Ruwan can yana da sanyi sosai ko da rana na ƙuna, yakan ɗauke numfashin wanda ya faɗa masa farat ɗaya, abin da ɗan Argungu da ya tashi a bakin kogin Matan Fada ba zai yi zato ba.

Maƙwabciyarsu wata dattijuwa ce Baturiya da ke zaune ita kaɗai. A ranar Talatar na matsa wa surukina ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, yana ta nauyin baki wai ba a yin haka a nan, muka same ta a ɗakin sama ta galabaita, ba ta sha wani abin kirki ba tun safe. Muka sauko da ita, 'yarta ta zo daga baya. Hukumar lafiya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 3,000 ne zafin shekarar ya yi ajalinsu a Ingila, mafi yawansu tsofaffi.

Bayan arba'in na dawo, na tarar ƙaramin ɗana ya yi nisa da shirin gyara gidanmu na Badariya. Yana so a sare darbejiyar tsakar gida a yi ƙarin ɗakuna, a rufe sauran filin da kwano, a shafe ƙasa da tayil, a sa tagogin gilashi masu zamewa irin na zamani. Na amince da tayil a ɗakuna, na kuma yarda a ƙara ɗaki ɗaya ta wajen garka, amma na ce bishiya da tsakar gida suna nan muddin ina raye. Ya ce zai sa na'urar sanyi a kowane ɗaki, na tambaye shi awa nawa muka sami wuta a watan Afrilun da ya wuce, har yanzu bai ba ni amsa ba, magina kuma sun fara aiki ta wajen garka.