Tantin Da Zai Jure Ƙanƙara Ba Lallai Ya Jure Bazara Ba

Duk tantin da aka ce ya dace da kowane yanayi, da sanyin Turai da Amurka ta Arewa aka auna shi lokacin ƙera shi, domin abin da masu ƙerawar ke tsoro shi ne nauyin dusar ƙanƙara da iskar saman duwatsu. Shi ya sa sandunansa suke da kauri kuma suke gittawa a wurare da yawa, bangonsa na ciki kuma ƙyalle ne rufaffe maimakon raga. Tun a 1975 kamfanin The North Face ya fito da tanti mai siffar ƙubba wanda sandunansa ke sarƙe da juna, shi kuwa kamfanin Hilleberg na ƙasar Suwidin ya yi suna da mai siffar kwalbati, wanda ya fi fili a ciki idan aka kwatanta da nauyinsa, amma ba ya tsayuwa sai an kafa masa turaku, kuma dole a juya kansa ya fuskanci iska.

Wanda zai hau dutsen Tubkal na Maroko, mai tsayin mita 4,167, a tsakiyar sanyi, irin wannan tanti yake buƙata, ba tantama. Amma wanda iyakarsa dutsen Chappal Waddi a dajin Gashaka-Gumti na Najeriya, mai mita 2,419, ruwan sama da laima ne matsalarsa, kuma idan ya shiga rufaffen tanti cikin zafi, barci zai gagare shi. Ko a cikin sanyi ma akwai wahalar da ba a cika faɗa wa mai saye ba: numfashin mutum yana zama raɓa a jikin ƙyallen, ta riƙa ɗiga kan shimfiɗa kafin asuba. Saboda haka na fi amincewa da tanti mai bango biyu, wato na ciki da rufin waje, wanda ke da kafofin shan iska a sama, kuma ana iya buɗe su ko ana ruwa.

A ganina, mafi dacewa ga mai son tanti guda ɗaya tak shi ne wanda aka ɗinka wa raga da ƙyalle tare a ƙofa, ta yadda za a zuge ƙyallen a bar ragar idan zafi ya yi, a rufe shi idan iska ta taso. Wannan ƙyallen ƙofar yana da wani amfani a wajenmu da masu ƙerawar ba su yi don shi ba, wato tare ƙurar hunturu, wadda raga ba ta hana ta shiga, kamar yadda duk wanda ya kwana a duwatsun Azbin a watan Janairu zai shaida.

Sauran abubuwan dubawa ba su da yawa. Sanduna su kasance na alminiyom, domin na faiba masu arha suna tsagewa cikin sanyi. Ana rubuta juriyar ƙyalle ga ruwa da milimita, kuma rufin da ya gaza 1,500 bai cancanci damina ba, shimfiɗar ƙasa kuwa tana son fiye da haka, tunda gwiwa da gwiwar hannu suna matsa ta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nailan ya fi ƙarfi idan aka duba rashin nauyinsa, sai dai yana saki idan ya jiƙe, har sai an fita an ƙara ɗaure igiyoyi, foliyesta kuma ta fi shi jure zafin rana. Batun nauyi kuwa, tantin ƙanƙara na mutum biyu yakan kai kilo 3 zuwa 4, kuma mai shi ne zai goya shi a bayansa har ƙololuwar dutsen.