Ranar da muka kai Baba Dir'iyya

Tun da muka dawo bayan sallar isha'i barci ya ƙi zuwa, saboda haka na ga gara in zauna in rubuta abin da ya tsaya mini a rai.

Ni na shirya fitar. Saura kwana huɗu Baba ya koma Kano, kuma tun da ya iso Riyad bayan Umara bai ga ko'ina ba sai falonmu da masallacin unguwa. Mun bari rana ta yi sanyi, bayan la'asar muka kama hanya, Maman Sadik da yara a baya, Baba a gaba da carbinsa. A hanya na yi ta zuba masa tarihin da na haddace daren jiya: cewa Dir'iyya ce fadar daular Saudiyya ta farko, a bakin kwarin Hanifa, inda Imam Muhammad bin Sa'ud ya hau mulki a 1727, kuma a 1818 Ibrahim Pasha, ɗan Muhammad Ali na Masar, ya yi wa garin ƙawanya wajen wata shida kafin ya ci shi ya rushe, daga baya mulki ya koma Riyad a 1824. Duk abin da na faɗa, amsar Baba ɗaya ce: "To, madalla."

Sai da muka shiga unguwar Turaif muka tsaya gaban fadar Salwa sannan ya mayar da carbin aljihu. Wanda ya yi shekara arba'in yana gini ba ya kallon bango yadda muke kallonsa. Ya goya hannuwansa a baya, ya sunkuya ya duba duwatsun harsashin, sannan ya ɗaga kai ya bi katangar da ido har sama, ya nuna mini yadda take da kauri daga ƙasa tana sirancewa tana hawa. Ya ce bulonsu na ƙasa mai kusurwa huɗu ne, namu kuwa tubali da hannu ake mulmula shi, a jera shi a tsaye, a bi da kwaɓi. Ya hango tsinkayen ciyawa a jikin yaɓen, ya yi murmushi kamar ya haɗu da tsohon aboki a kasuwa. Ƙananan tagogin nan masu kusurwa uku ma ya ce dabara ce, iska ta shiga, rana ta tsaya a waje.

Can ya dubi jama'ar da ke ta ɗaukar hoto, ya ce, "Duk mutanen nan ginin ƙasa suka zo kallo?"

Na ce, "Shi suka zo kallo, Baba, wasu ma daga Turai. Tun 2010 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah. Da zauren Malam yana nan, da su Sadik sun ga irin nasu."

Bai faɗa da faɗa ba, ko kallona bai yi ba. Amma ni na san wanda ya aika da riyal shekara biyar da suka wuce aka rushe zauren kakanmu, aka tayar da na bulon siminti da rufin kwano, kuma na san wanda ya yi ta nuna wa abokan aiki hoton sabon ginin yana jin ya fitar da iyayensa kunya. Ina da hujjata, har na jera ta a zuciya: ruwan da ake yi a Riyad kaɗan ne, ruwan Agusta kuwa a Kano cin katanga yake yi, kowace shekara sai an sake yaɓe an gyara indararo, ga Baba ƙarfi ya fara ja baya, ga masu aikin sun yi ƙaranci. Duk gaskiya ne, amma ko ɗaya ban iya furtawa ba, domin na tuna cewa lokacin da na yanke shawarar, sanar da shi na yi, ban tambaye shi ba.

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne Sadik, wanda ya ja rigata ya tambaye ni da Larabci mene ne tubali. Kafin in buɗe baki Baba ya tsuguna, ya haɗa tafukansa ya mulmula iska a hankali, ya ajiye a ƙasa kamar da gaske, ya ce, "Ka ga ɗaya, maigida. Saura dubu." Yaron ya yi ta dariya.

Daga nan muka tsallaka unguwar Bujairi da ke ƙetaren kwarin muka yi magariba. Ummi ta dage sai askirim, aka saya mata, rabinsa ya ƙare a hijabinta. An kunna fitilu a jikin katangun, suka yi ja kamar garwashi.

Yanzu na gama duba wayata. Hotunan Salwa sun fi sittin. Na zauren Malam guda ɗaya ne, wanda Habibu ya turo mini ranar rushewar, soron ya riga ya faɗi, azarori a jingine da katangar maƙwabta. Na aika masa saƙo ina tambaya ko azarorin suna nan ko an yi makamashi da su. Ya karanta, bai amsa ba tukuna.