Kabewa Guda, Miyar Taushe Sau Uku

Daga Oktoba zuwa Nuwamba, idan kaka ta yi, kabewa takan cika Kasuwar Yankaba ta Kano har mai sayarwa ya riƙa roƙonki ki ɗauki guda maimakon yanka. A lokacin ne mutanen gidana suke tayar da maganar miyar taushe, ni kuma a lokacin ne nake rasa sararin yin ta. Ina dawowa daga aiki ƙarfe huɗu ta wuce, yara huɗu, uku na shirin Islamiyya, ƙaramar tana goye. Miyar taushe kuwa idan za a faro ta daga fere kabewa zuwa saukewa, da tafasar ƙashi da gyaran gyada da kai markaɗe, takan ci awa biyu da rabi. Tsakanin la'asar da magariba babu wannan lokacin.

Dabarar da na fara yi ita ce wadda kowa ke yi: babbar tukunya ranar Lahadi, a riƙa ɗumamawa. Ba ta yi ba. Zuwa Talata ganyen ya yi baƙi ya saki, mai ya taso ya kwanta a sama, miyar ta tsinke, ga wani ɗan tsami da ba na yakuwa ba. Da na bi abin a hankali sai na ga ba dukan miyar ce take lalacewa ba. Kabewa da nama da kayan miya suna jure ajiya. Gyada da ganye ne ba sa jurewa. Gyadar da ta dahu cikin ruwa tana saurin tsami a ɗumi, kuma duk ɗumamawa ɗaya tana ƙara fitar da manta ta rage wa miya kauri. Alayyahu kuwa dahuwar minti uku yake so, ni kuma ina ba shi ta kwana uku. Tun daga nan na raba aikin gida biyu: abin da yake jure ajiya in yi shi ranar Asabar da safe yara suna makarantar Islamiyya, gyada da ganye kuma sai ranar ci.

Komai yana farawa daga kasuwa, kuma a nan aka fi cutuwa. Ki ɗaga kabewar, ta fi yadda idonki ya kimanta nauyi. Ki danna farce a bayanta. Idan ya shiga cikin sauƙi, ba ta ƙosa ba, ruwa ne zalla, miyarta ba ta kauri. Ki duba guntun yaɗon da ke kanta, ya kasance a bushe kuma yana nan, domin wadda aka ɓalle mata shi ta wurin take fara ruɓa. Ki juya ta ki ga ɓangaren da ya kwanta a ƙasa, kada ya yi laushi. Ni nakan ce, "Malam, ɗan tsaga mini in ga cikinta," kuma mai kabewar kirki ba ya ƙi. Wadda cikinta ya yi ja sosai kamar manja, naman ya yi tauri, ita ce mai gari da zaƙi. Mai fari-fari tana da araha, amma sai kin ninka gyada kafin ta kama jikinta, kin ga ribar ta tafi. Jan launin nan kuma shi ne sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, don haka ba kwalliya ba ce kawai.

Kabewa mai kilo 3 zuwa 3 da rabi take isata. Bayan fira da kwashe 'ya'ya da zare-zaren ciki, abin da zai rage bai fi kilo 2 da ɗan kai ba, kuma shi nake rabawa uku, kowane kaso miyar dare ɗaya ga mutum shida, har a samu na ɗumame. Wajen fira kada ki rungume ta ki bi da wuƙa, haka ake yanke hannu. Ki tsaga ta biyu a kan katako, ki mayar da ita dogayen yanka, ki kwantar da kowane yanka ki sassaƙe bayan daga sama zuwa ƙasa. 'Ya'yan nakan ba babban yarona ya wanke ya shanya a faranti. Idan sun bushe a soya su da ɗan gishiri ba mai, kafin a juya sun ƙare.

Nama kilo 1 da rabi nake saya, rabinsa ƙashi mai ɓargo ko tantaƙwashi, domin taushe ba miyar tsoka ba ce, romon ƙashi ne yake ɗaga ta. In ɗora shi da lita 2 da rabi na ruwa, babbar albasa 1, tafarnuwa sala 5, citta da masoro da kanumfari ƙaramin cokali ɗaya a haɗe, da gishiri kaɗan. Naman sa yakan ɗauki kusan awa ɗaya a kan gas, na rago ƙasa da haka. Idan ya yi laushi in tsame shi, in zuba kabewar cikin romon.

Ga kuskuren da na daɗe ina yi: dafa kabewa daban a ruwa mai yawa, sannan in tsiyaye. Zaƙin nata yana bin ruwan ne zuwa kwata. A cikin romon nama ake dafa ta, kuma kada romon ya sha kanta, ya tsaya a rabinta, domin ita kanta za ta fitar da nata ruwan. A rufe, minti 20 zuwa 25 ta dagargaje. Da bayan ludayi nake murƙushe ta, ko da maburgi. Na gwada injin markaɗe na gida, ta fito sumul kamar kunu, maigida ya ce wannan ba taushe ba ce, kuma yana da gaskiya. Ana son a riƙa jin ɗan gudajin kabewa a harshe.

Kafin in saka kayan miya masu attaruhu, nakan ɗebi ludayi biyu na kabewar in ajiye wa ƙaramar. Yaron da ya wuce wata 6 ya fara cin abinci yana karɓar ta sosai, da ɗan man gyada rabin ƙaramin cokali. Saboda ita ne ma nake rage gishiri a tafasar farko, dunƙulen ɗanɗano kuma ba ya shiga tukunyar Asabar ko kaɗan.

A ɗaya murhun kuma kayan miya ne: tattasai 8, tumatir 5, attaruhu 4, albasa 2. Jajjage ya fi markaɗen inji, don masu inji sai sun ɗura ruwa, ke kuma ki ɓata gas wajen ƙone shi. Tumatir kada ya yi yawa. Yakuwa za ta kawo tsaminta, idan suka haɗu da na tumatir sai su danne zaƙin kabewa. In soya da manja ludayin miya 2 har ruwan ya ƙone, mai ya fito a gefe, kusan minti 20. In daka daddawa guda 4 in zuba a minti biyar na ƙarshe. Daddawar da aka jefa a ruwa daga baya warinta yake fita, wadda ta ɗan soyu a mai kuwa ƙamshinta. Sannan in juye soyayyen kayan cikin kabewar, in mayar da nama, su tafasa tare minti 10. Da kauri sosai nake barin ta, har ludayi ya kusa tsayuwa, saboda ruwa ana ƙara shi ranar ci, kuma mai kauri ta fi cin wuri kaɗan a firji.

Ajiyar ita ce inda wutar lantarki take yanke hukunci. Kada ki rufe tukunya da zafinta ki tafi. Ki raba ta a robobi uku marasa zurfi, ta huce cikin awa biyu, sannan ta shiga sanyi. Wadda za a ci cikin kwana uku ta zauna a firji, sauran a firiza, a can ƙasa inda ƙanƙara take daɗewa idan an ɗauke wuta. Idan aka kwana biyu babu wuta na tarar roba ta narke amma da sauran sanyinta, a ranar nake dafa ta, ba na mayar da ita. Wadda ta yi kumfa ko murfin ya kumbura, zubarwa ake yi, tafasa ba ta gyara ta. Matar da ba ta da firji kuma ta rage yawan, ta yi na kwana biyu, ta tafasa shi safe da yamma ya tafaso sosai, kada kuma a tsoma ludayin da aka ci da shi. Sanyin hunturu yana taimakawa. A watan Afrilu ba zan ba kowa wannan shawarar ba.

Gyada ma ranar Asabar nake gyara ta, amma a bushe take zama. Gwangwanin madara 3, ɗaya ga kowace miya. Ki zauna ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi, ta motse ko ta yi fumfuna ki jefar. Ba ɗaci kawai take kawowa ba, gubar da fumfunar gyada take haifarwa tana cutar da hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Suya sama-sama ake yi mata, daidai yadda ɓawon zai murje, cikin yana nan fari. Idan ta soyu ta yi ja, miyar za ta koma ɗanɗanon ƙuli-ƙuli, mai ya yi ta tasowa. A murje, a fece, a daka ta yi gari, a tsaya kafin ta fara haɗewa ta zama tunkuza. A kwalba mai murfi tana yin mako lafiya.

Ranar ci, da safe kafin in fita nake sauko da roba daga firiza zuwa firji, in jiƙa shinkafar tuwo gwangwani 5. Da na dawo, shinkafa ce take fara hawa wuta, don jiƙaƙƙiya ba ta wuce minti 30 ta yi laushin tuƙi. Sai in juye robar a tukunya da ruwa kofi 2. Tana tafasa in dama gyadar da ruwan ɗumi a kwano, ta yi kamar kunu, in zuba ina juyawa. Garinta idan aka barbaɗa kai tsaye gudaji yake yi, cikinsa ɗanye. Daga nan a rage wuta, a ɗan buɗe murfin, domin gyada tana tasowa ta zube kamar madara. Minti 15 take so kafin gafinta ya fita, kuma duk minti uku ko huɗu sai ludayi ya taɓa gindin tukunya. Tsakanin kauri da ƙauri ɗan lanƙwasa ne a rubutu, a tukunya kuma amsa waya ɗaya ce. Idan ta kama, kada ki kankare. Juye ta cikin wata tukunyar nan take ki bar na ƙasan. Tukunya mai kaurin gindi, irin ta dalma da ake ƙerawa a gida, ta fi siririyar nan ta zamani a wannan aikin.

Cikin minti 15 ɗin nan ake gyara ganye, kuma aikin babbar 'yata ne idan ta dawo da wuri. Alayyahu ɗauri 2, a wanke shi da gishiri kafin a yanka, ba bayan an yanka ba, a ɗauraye sau uku saboda yashi. Yakuwa cikin tafin hannu ɗaya ta isa. Nakan zuba mata tafasasshen ruwa a kwano ta yi minti biyar in tsane, tsamin ya ragu. Surukata takan ce, "'Yar nan, jefa 'yar kanwa mana ki huta." Kanwa tana kashe tsami, gaskiya ne, amma tana dusashe jan kabewa ta mayar da miyar ruwan ƙasa, kuma idan hannu ya zarce sai a ji ta kamar sabulu. Idan Hajiya tana gidan nakan saka kamar ƙwayar gero biyu, mu rabu lafiya. Yakuwa ce take fara shiga, ta yi minti biyar, amma sai gyada ta dahu. Idan tsami ya riske ta ɗanya, sai ta tsattsinke ta rabu da ruwan. Bayanta alayyahu da lawashi, minti uku, a kashe wuta a bar murfin a buɗe don ganyen ya riƙe korensa. Gishiri da dunƙule a ƙarshe ake daidaita su, domin gyada tana shanye ɗanɗano, abin da ya yi daidai kafin ta shiga zai koma lami bayanta.

Daga kunna gas zuwa kwashe tuwo a kula, minti 40. Attaruhu 4 a miya uku bai isa manya ba, da gangan na yi haka saboda yara. Dakakken yaji yana gefe, mai so ya ƙara. Kaso na farko da tuwon shinkafa ake ci, na biyu nakan aika a sayo waina ko gurasa, ranar ko tuƙi babu. Na uku nakan bar shi ranar Juma'a da funkaso, idan na samu kwaɓa alkamar da safe.

Idan kabewa ta yi araha sosai nakan sayi biyu ko uku. Wadda ba a tsaga ba tana yin watanni a ɗaki mai iska, a kan katako ko buhu, ba a kan siminti ba, kuma kada su jingina da juna. Wadda aka tsaga kuwa kwana biyu zuwa uku ne ta fara yauƙi, ko a firji. Ragowar irin wannan nake ferewa in yanka siri-siri kamar igiya, in shanya a kan tabarma a iskar hunturu. Kwana huɗu zuwa biyar ta bushe ƙayau, a ɗure a gwangwani mai murfi. Da bazara, lokacin da yanka ɗaya ya yi tsada, a jiƙa cikin tafi biyu a ruwan ɗumi na awa ɗaya, a dafa a romo kamar ɗanya, sai dai a ƙara mata minti 10 da kofi ɗaya na ruwa.