Ni da ke bakin gadon, ni ne na bakwai

Yayana ya rasu a wani asibiti a Ingila, wata tara da zuwansa karatu. Jini ne ya zuba masa a ƙwaƙwalwa. Likitoci biyu suka gwada shi sau biyu, suka tabbatar rai ya yi halinsa, na'ura ce kawai ke hura masa iska. Ina zaune ina salati sai wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe, ta kawo zancen bayar da ƙodarsa ga masu jinya.

Na ɗauka ni zan yanke, tunda ni kaɗai ne nasa a ƙasar. Ashe ba haka ba. Ta bayyana min cewa tun 20 ga Mayun 2020, duk baligin da bai rubuta ƙin yarda ba a Ingila ana ɗauka ya amince, ko da yake sai an tuntuɓi iyalinsa. Amma wannan bai hau kan wanda bai cika wata 12 a ƙasar ba. Yaya bai cika ba, bai kuma naɗa wakili ba, don haka aka koma ga dokar 2004 kan sassan jikin ɗan Adam da ta jera dangi daki-daki: mata ko miji, sai iyaye ko 'ya'ya, sai shaƙiƙai, sai kakanni ko jikoki, sai 'ya'yan shaƙiƙai, sai mijin uwa ko matar uba. Ni da Yaya ubanmu ɗaya, uwa kowa da tasa. Matakina na bakwai, aboki kaɗai na ɗara. Abin ya sosa min rai, mutumin da ya goya ni!

Aka kira matarsa a Katsina. Cikin kuka ta ce, "Ku tambayi Baba, ni wace ce?" A gida haka ake yi, uba ke magana. Ma'aikaciyar ta ce a yi shawara da kowa, amma amsar daga bakin matar za ta fito. Baba ya nemi a ba shi lokaci, ya aika aka kira malaminsa, wanda ya ce majalisar fiƙihu ta Jidda ta halatta hakan tun 1988 in mamaci ko magadansa sun yarda, kuma ba sayarwa ba. Ya ƙara da cewa akwai malaman da ba su yarda ba. Damuwar Baba ɗaya ce, kada a jinkirta jana'iza. Aka ce aikin na 'yan awoyi ne, kuma za a miƙa mana gawa a rufe, mu yi mata sutura.

Baba ya ce mata, "'Yata, mijinki ne, faɗi abin da ke ranki." Ta yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ta ce ƙoda kawai, kada a taɓa idanunsa. Haka aka rubuta, haka aka yi.

Bayan sadakar uku na shiga rajistar bayar da sassan jiki ta NHS, hukumar lafiyar ƙasar, na rubuta nawa ra'ayin, na kira matata da Baba na karanta musu. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sa a daɗe ba a buƙace shi ba.