Giyar da ke ƙamshin hulba

Ranar da na fara buɗe ta, na rantse ta lalace. Wata biyu ke nan da kama aiki a kicin ɗin wani ƙaramin gidan abinci kusa da garin Arbois, a yankin Jura da ke gabashin Faransa, daf da iyakar Suwizalan. Mai gidan ya miƙo mini wata gajeriyar kwalba mai faɗin kafaɗa, ya ce in zuba kofi guda a tukunyar kaza. Ina kai hanci na ja da baya. Na ce, "Maigida, wannan fa ta juya." Tsohon ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce shekara shida aka yi ana lallaɓa ta don ta juya ɗin.

Na san yawancin masu karanta ni ba sa kusantar giya, kuma ba talla na zo yi ba. Ni 'yar Wusasa ce, gidanmu na Kirista ne, amma ko a gidan namu ruwan inabi sai a Littafi ake jin labarinsa. Girki ne ya haɗa ni da shi, kuma wanda zai dafa da abu dole ya san ɗanɗanonsa.

Giyar kwalbar nan sunanta vin jaune, wato rawayar giya. Cikin fararen giyar inabi take, marasa zaƙi ko ɗis, kuma da inabi iri ɗaya tak ake yin ta, savagnin, wanda ake bari a reshe har wajen Oktoba. A yawancin wurare a duniya, idan aka zuba giya a gangar katako, kaɗan-kaɗan tana tsotsewa, mai ita kuma yana ƙara cika gangar don kada iska ta samu wurin zama, domin iska ce ke mai da ita ruwan khal. Mutanen Jura sai su ƙi cikawa. Su bar gangar da sarari a sama, sai wata yana ta yis ta taso ta rufe fuskar giyar, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu idan ya huce. Yanar nan ce mai gadi: tana barin iska ta taɓa giyar sannu a hankali, ba ta barin ta yi mata kaca-kaca. Doka ta ce sai bayan shekara 6 da wata 3 da girbi za a sayar. Ba kowace ganga ke kai labari ba. Wadda yanarta ta mutu a hanya, sai a fitar da ita daga layi.

Kwalbar ma da dalilinta. Ana ce mata clavelin, tana cin santilita 62 maimakon 75 da aka saba, wai abin da ke saura ke nan daga lita guda bayan waɗannan shekarun.

Abin da ya dame ni a ranar farko shi ne na san ƙamshin, na kasa tuna inda na san shi. Sai da dare, ina cire rigar aiki, ya faɗo mini: hulba. Wadda Mama ke jiƙa wa yayata lokacin jego, wadda idan ka sha ta kwana uku guminka ma ya ɗauka. Daga baya na gano ba hancina ne ya yi mini ƙarya ba. Akwai wani sinadari mai suna sotolon da ke taruwa a giyar yayin da take kwance ƙarƙashin yana, kuma shi ne dai ke ba hulba ƙamshinta. Baƙin da ke zuwa daga Paris sukan yi ta juya kofi suna lalube, wannan ya ce kori, wancan ya ce busasshen tuffa. Ni kuwa kicin ɗin Mama kawai nake ji. Da na gaya mata a waya, cewa ta yi, "To, ke da kika tsallaka teku don ki shinshina hulba, Allah ya ba da sa'a."

Ba a sa ta a firji, wannan shi ne kuskuren da baƙi suka fi yi. Sanyi yana kulle mata baki. Mukan buɗe ta tun da safe idan da dare za a sha, a kawo ta da yankan cukun Comté, wanda shi ma ɗan yankin ne. Abincin da aka fi sanin ta da shi kuwa kaza ce da kirim da wani naman kaza mai ramuka da suke kira morille. Kaza da naman kaza a tukunya ɗaya; na yi ƙoƙarin fassara wa maigida wannan barkwancin, bai shiga ba.

Darasin ajiya da kuɗina na saye shi. Da savagnin ɗin nan ana yin wata farar giyar ta daban, wadda ake cika gangarta yadda kowa ke yi, suna ce mata ouillé. Ita wasai take, da tsamin lemo da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshen harshe. Na sayi kwalba biyu na shekara ɗaya. Ɗaya na kwantar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan abincin, mai duhu da sanyi rani da damina. Ɗayar na tsayar a kan kabad ɗin ɗakina don ado, kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Bayan shekara uku muka buɗe su rana ɗaya. Ta ƙasa ta yi zurfi, lemon ya lafa, wani ƙamshi kamar na zuma ya fito alhali babu zaƙi, tsamin kuma yana nan da ransa. Ta kan kabad ta yi duhu kamar shayin da ya kwana, toshiyarta ta bushe, ɗanɗanonta lami kamar tuffar da aka yanka aka manta. Maigida ya sa na kurɓa na tofar, sannan ya zuba mini vin jaune a gefe. Dukansu iska ta taɓa su, amma ɗaya ta mutu, ɗayar tsaminta na tsaye kamar wuƙa. A nan na gane ainihin abin da ake kira juyawa, da kuma cewa tsami ne ƙashin bayan farar giyar da za ta daɗe.

Tana kuwa daɗewa. A 2018 an yi gwanjon wata kwalba ta shekarar 1774 a garin Lons-le-Saunier da ke Jura, ta tashi sama da Yuro dubu 100. Masanin kimiyya Louis Pasteur, wanda ya girma a Arbois kuma ya yi binciken abin da ke lalata giya, sai a 1822 aka haife shi. Kwalbar ta girme shi da kusan shekara hamsin. Ni dai ban ga abin da zai sa in ba da kuɗin gida a kan abin da ba zan iya buɗewa ba.

Bara Mama ta aiko mini da ƙullin hulba ta hannun wata 'yar cocinmu. Maigida ya shinshina, ya yi shiru, ya juye rabi a kwalbar gilashi ya ɗora a kan kanta. Yanzu duk sabon yaron da aka ɗauka aikin kai abinci, sai an sa shi ya shinshina hulbar kafin a ba shi kofin farko. Ragowar rabin na ɓoye, don sanyin Janairu a nan ba ya wasa.