Yadda waƙa ta koma ɗaukar labari a kan dandamali

Na daɗe ina mamakin yadda 'yan kallo suke yarda ɗan wasa yana tsakiyar magana ya ɓarke da waƙa, kuma babu mai cewa ya taɓu. Haɗa wasan kwaikwayo da waƙa tsohon abu ne, domin tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa Girkawa suna da 'yan amshi masu rera baitoci suna rawa a tsakanin maganganun 'yan wasa. Amma irin wanda ake nunawa yau a unguwannin gidajen wasan kwaikwayo na Broadway ta New York da West End ta Landan bai kai shekara 200 ba.

Galibi akan fara lissafi daga 1866, lokacin da aka buɗe The Black Crook a New York, wasan da yake cin fiye da awa 5, aka kuma nuna shi sau 474. A ganina, shi da ire-irensa ado ya fi labari yawa: a dakatar da zance, 'yan mata su fito su taka rawa, a tafa, sannan a koma inda aka tsaya. Da za a cire waƙoƙin, labarin ba zai ragu da komai ba.

Show Boat na 1927, wanda Jerome Kern da Oscar Hammerstein suka tsara, shi ya fara sauya wannan al'ada, domin ya kawo wariyar launin fata da mutuwar aure a gabar kogin Mississippi, waƙoƙinsa kuma suna fitowa ne daga halin da mutanen labarin suke ciki. Hammerstein ya ƙarasa wannan sauyi a 1943 tare da mai tsara kiɗa Richard Rodgers a wani wasa mai suna Oklahoma!, kuma farkonsa kaɗai ya isa shaida. An saba labule ya buɗe da cincirindon 'yan rawa, sai ga wata dattijuwa ita kaɗai tana kaɗa nono a gaban gidan gona, muryar wani saurayi kuma tana tasowa daga bayan fage. Hatta rawar da Agnes de Mille ta shirya, mafarkin budurwar labarin take nunawa, da tsoron da ta kasa furtawa. Sau 2,212 aka nuna wasan a zangonsa na farko a Broadway.

Waɗanda suka biyo baya sun ƙara gaba. A West Side Story na 1957 faɗan 'yan daba ma da rawa ake yin sa, a Hamilton na 2015 kuwa kusan dukkan zancen rera shi ake yi, da yawa cikin salon gambarar zamani.